Farce Biyar na Malam Sada

Malam Sada ya doshi hamsin a duniya bai taɓa tsayawa ya ƙare wa hannuwansa kallo ba. Abin da ya sani kawai suna nan inda Allah ya maƙala su, in ya aike su suna zuwa, in ya ɗebo loma ba sa ɓatan hanyar baki. Injin casar shinkafa gare shi a unguwar Abbare cikin Jalingo, tsohon inji mai tari, wanda sai an lallashe shi da safe kafin ya yarda ya tashi. Sada ne mai shi, shi ne makanikensa, shi ne kuma mai zaginsa. Don haka baƙin mai ya samu masauki a ƙarƙashin faratansa tun matarsa tana da rai, ya zauna, ya hayayyafa. Farcen babban yatsan hagu kuwa, tun ranar da bel ɗin injin ya make shi ya tsage biyu, ya ci gaba da tsirowa a haka kamar kofaton akuya.

Ba wanda ya taɓa yi masa maganar. Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta karɓe shi yadda ta same shi. 'Yarsa Fadila ta yi aure can Bali. Wanda ya rage masa a gida shi ne ragon da ya saya tun yana ƙarami yana kiwo don layya, wanda ya laƙaba wa suna Ciyaman, saboda ba ya aikin komai sai ci da kallon mutane. Shi kuwa Ciyaman, duk hannun da ya miƙo masa dusa kyakkyawa ne.

Ana nan sai wata rana Sada ya je Mutum Biyu sayen shinkafar da zai casa. A hanyar dawowa mota ta haɗa shi kujera ɗaya da wata mata mai mayafi ruwan ƙasa. Ba yarinya ba ce, ba kuma tsohuwa ba, tana daidai shekarun da mace take daina tsoron faɗin abin da ta gani. Direba ya faɗa wani rami, wayarta ta sulluɓe ta shige ƙarƙashin kujera. Sada ya sunkuya ya lalubo ya miƙa mata. Ta karɓa, amma idonta bai bi wayar ba, a kan hannun ya tsaya.

"Na gode," in ji ta. "Malam, gawayi kake sayarwa?"

"A'a, shinkafa nake casa."

"To, Allah ya sa masu saye suna wankewa kafin su dafa."

Taga take kallo ta faɗa, bakinta na son yin dariya tana hana shi. Sada ya janye hannun ya cusa tsakanin gwiwoyinsa. Can kuma ya ji wani abu da ya daɗe da manta sunansa ya motsa a ƙirjinsa. Mu maza haka aka yi mu. A shekara ana yabonmu ba mu ji ba, a yi mana ba'a sau ɗaya da murya mai daɗi sai mu fara tunanin fentin ɗaki.

Kafin mota ta shiga Jalingo ya san sunanta Hajaratu, ya san bazawara ce, ya san ɗinkin zannuwan gado take yi a unguwar Sintali, a gidan goggonta da ta raine ta. Yadda aka yi ya samu lambarta kuwa, shi kansa har yau yana mamaki.

Suka yi ta waya 'yan makonni. A waya Sada ba shi da matsala, tunda murya ba ta da farce. Sai ranar da Hajaratu ta tsayar da shi yana tsakiyar ba ta labarin inji.

"Malam Sada, ni fa na wuce zancen bakin titi. Ka zo ranar Juma'a bayan la'asar ka gaida Goggo Raliya. In ta ce ka turo manyanka, shi ke nan. In ta ce maka ka gaida gida, to ka gaida gidan."

"In ta ce in gaida gida, sai in sake dawowa?"

"Goggo sau ɗaya take ganin mutum. Ni kuma ba na tsallake maganarta. Na taɓa tsallakewa, na ga inda na faɗa."

Tun daga wannan rana Sada ya shiga yaƙi da hannuwansa. Ya wanke da omo, ya wanke da toka, ya wanke da fetur har Ciyaman ya ƙi karɓar harawa daga gare shi. Ya matse lemun tsami a kai, ya gano cewa yana da ƙananan raunuka a wuraren da bai sani ba. Ya sakace da tsinken ashana. Baƙin man ya ɗan matsa ciki, irin matsawar ɗan haya da ya san mai gida ba zai iya korarsa ba.

A kwanakin nan duniya ta yi masa nisa. Yana tsaye gaban inji, shinkafa na zuba, amma shi yana Sintali. Mata su kawo aiki ya cashe musu ya manta ya ba su dusarsu. A masallaci liman ya yi sanarwa, Sada ya ga bakinsa yana motsi, ya ce amin tare da jama'a. Duk lissafinsa ya koma kan Juma'a, kamar a kalandar Allah babu sauran ranaku kuma babu watanni.

Ranar Juma'ar da hantsi bai tayar da inji ba. Yana zaune kan benci a ƙarƙashin bishiyar dogon yaron da ke ƙofar shagonsa, ya baje hannuwa a kan gwiwa yana kallonsu kamar mai jiran sakamakon asibiti, sai ya ji ƙas-ƙas-ƙas na almakashi daga ƙarshen layi. Usaini mai yankan farce ne, wani siririn dattijo da ya shekara da shekaru yana wuce wannan shagon ba tare da ya ko rage tafiya ba, don ya san babu kasuwa a nan.

"Malam Usaini."

Usaini ya waiga bayansa ya ga ko da wani mai sunan.

"Kai nake kira. Zo ka duba mini nan."

Usaini ya zo ya tsuguna, ya ajiye 'yar jakarsa, ya ɗaga hannun daman Sada ya juya shi gaba da baya. Ya ɗago ya dubi mai hannun.

"Malam Sada, biki ne ko asibiti za ka?"

"Yi aikinka."

"Zan yi. Ina dai so in san inda zan fara ne."

Ya zuba wa almakashinsa sifirit ya ƙyasta masa wuta, harshen wutar ya yi shuɗi ya mutu. Ya fito da 'yar kwalbar ruwan sabulu da ɗan buroshi, ya shafa kumfa a kan ɗan yatsan farko. Kumfar ta yi sanyi. Rabon da wani ya riƙe hannun Sada haka, a hankali, ba don gaisuwa ba, ba don ciniki ba, har ya manta. Ya jingina da bishiya.

Ruwa ya sauka sau biyu a makon, duwatsun da suka kewaye garin sun fara yin kore, gajimare ya zo ya kwanta a kansu kamar shanun da suka ƙoshi. Sada ya zuba musu ido har idon ya gaji ya lumshe rabi. Yana jin almakashi yana zagaya farcensa, ƙit, ƙit, yana jin bakin ƙarfen yana shiga ƙarƙashi yana fito da tarihin inji shekara bayan shekara. Sai ya ga kansa a wani tsakar gida da aka share aka yayyafa wa ruwa. An shimfiɗa tabarma, an ajiye kwanon tuwon shinkafa, shinkafar da shi ya cashe. Hajaratu ta durƙusa da buta tana zuba masa ruwan wanke hannu, ruwan yana sauka a tasa fari tas, ba ya canja launi. Ta dubi hannun ta ce, Malam, a banki kake aiki? Shi kuma ya yi murmushi irin na mutanen banki.

Usaini ya koma yatsa na gaba. Hannun ya riƙa yin sauƙi, yana yin sauƙi, har Sada ya ji kamar ya rabu da damtsensa ya tashi sama. Ya gan shi fari kamar balbela, ya ratsa saman Abbare, ya bi ta kan kwanukan gidaje masu tsatsa, ya wuce kasuwa, ya sauka a kan igiyar shanya a Sintali tsakanin zannuwan gado masu furanni. Iska tana kaɗa zannuwan, hannun yana zaune abinsa, mata suna leƙowa ta taga suna tambayar na wane ne.

"Sada, ka sayar da Ciyaman ne?"

Ya buɗe ido. Njidda ne tsaye a kansa, abokinsa tun na makarantar allo, dillalin dabbobi, riƙe da igiyar wasu raguna biyu da yake ja zuwa kasuwa.

"In sayar da shi a kan me?"

"To na ga kana yankan farce."

"Farcen nawa ne ai."

"Naka ne. Amma watan layya ya kama, tun shekaranjiya waccan liman ya faɗa, kana sahun gaba har da gyaɗa kai. Mai niyyar yanka ba ya taɓa farce ko gashi sai ya kayar da dabbarsa. Ko a bana Ciyaman ya samu tazarce?"

Sada ya dubi hannunsa na dama. Farce biyar sun fito fes, an zagaye su, an goge su, har wani ɗan ja-ja suke yi kamar na jariri. Ya dubi na hagu, yana nan yadda ya baro shi. Ya dubi Usaini, wanda ya sunkuyar da kai yana goge almakashi da tsumma.

"Malam Usaini, kai ba ka san wata ya kama ba?"

"Na sani. Ni da tun da ya kama ban ga hannun babban mutum ba sai na 'yan makaranta."

"Shi ne ba ka gaya mini ba?"

"Aiki ka kira ni, ba fatawa ba. Kuma ba a tambayar magidanci ko zai yi layya. Ban san halin da kake ciki ba, na ce kada in tona maka asiri."

Njidda ya yi dariya har ragunan suka ja da baya. Da ya gama ya ce, "Kwantar da hankalinka, malamai sun ce layyarka tana nan, ballantana mantuwa ka yi. Sai dai waɗancan biyar ɗin da mantuwa suka tafi. Waɗannan biyar ɗin kuma yanzu ka sani."

Usaini ya miƙo hannu a hankali wajen hagun, don shi ma bai saba barin aiki rabi ba. Sada ya bar shi ya riƙe. Ya tuna idon Hajaratu a mota. Ya tuna kuma watannin da ya yi yana tashi da asuba yana dama wa Ciyaman dusa, yana cewa a ransa wannan na Allah ne, ladan har da marigayiya. Yau ga shi Allah ya ce a bar masa farce na 'yan kwanaki, abin da ko ba a roƙa ba Sada ya saba bari wata da watanni.

Ya janye hannun.

"Bar shi haka."

"Haka za ka fita?" in ji Usaini. "Kada dai ka ce wa kowa ni na yi."

Bayan an sauko Juma'a Sada ya yi wanka, ya ɗauko babbar rigarsa ta shadda mai zurfin aljihu. Ya tsaya gaban madubi ya gwada. In hagu tana cikin aljihu, dama tana waje, mutumin da ke cikin madubin ya yi kama da wanda ya yi ritaya daga sakatariya. Ya shafa wa damar man zaitun. Ya ɗaga wa Ciyaman ita a tsakar gida, Ciyaman ya shinshina ya ga babu dusa ya kawar da kai.

A Keke Napep da hannun dama ya riƙe ƙarfe, a inda kowa zai gani. Ba wanda ya gani.

Gidan Goggo Raliya yana cikin wani lungu a Sintali, da bishiyar mangwaro a tsakar gida da igiyar shanya. Sada ya ja ya tsaya da ya ga igiyar, don zannuwan gado ne a kanta, masu furanni. Hajaratu ta shigo da shi, ta nuna masa tabarma, ta koma gefe ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno. Goggo tana zaune a kan buzu da carbi a hannu, 'yar ƙaramar tsohuwa fara, mai ido irin na wadda ta daɗe tana sayen nono ba a taɓa sayar mata da mai ruwa ba.

"Jabbama," in ji ta. "Sannu da zuwa."

Sada ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi jiki, ya tambayi damina. Hajaratu ta kawo masa kunun zaƙi a kofi. Ya miƙa dama ya karɓa, a hankali, ya ɗan dakata a hanya don a samu damar gani. Ya ga idonta ya sauka a kai ya tashi. Ta gyara mayafinta ta rufe baki.

Daga nan hannun dama ya karɓi ragamar zance. Da aka tambaye shi unguwarsu, ya nuna gabas da shi. Da aka tambayi asalinsu, ya nuna Zariya da shi, ko da yake Zariya ba ta wannan wajen take ba. Ya gyara hula da shi sau uku. In ba shi da abin yi sai ya kwantar da shi a kan gwiwa, yatsu a baje, man zaitun yana ƙyalli.

Goggo ta daina jan carbi. Tun da hannun ya fito take bin sa da ido, fuskarta tana rufewa kaɗan-kaɗan kamar shago da magariba.

"Hajaratu ta ce inji gare ka."

"E, Goggo. Na casar shinkafa."

"Yara ke maka aikin?"

"Ni nake yi da kaina. Har gyara."

"Da wannan hannun?"

Sada ya dubi hannun da ke kan gwiwarsa. Goggo ta ci gaba.

"Yaushe aka yanke farcen?"

"Yau da safe, Goggo."

"Yau." Ta gyaɗa kai. "A gidanku ba a layya ke nan."

"Ana yi. Ina da rago, tun bara nake kiwonsa."

"Abdulmuttalib ma yana da rago," in ji Goggo. Ba Sada take kallo ba, mangwaron take kallo. "Mijinta na fari. Duk shekara ragonsa yana hanya daga ƙauye, har aka rabu bai iso ba. Farcensa kuwa in ka leƙa za ka ga fuskarka. Ranar da ya fara zuwa nan na ce mata, hannun da bai taɓa ɗaukar komai ba, ke zai fara ɗauka? Ba ta ji ba. Keken ɗinkinta ya ciyar da shi, ya saya masa turare."

"Goggo," in ji Hajaratu a hankali.

"Ban ce komai ba. Hira muke yi."

A cikin aljihu hannun hagu ya jiƙe da gumi. Sada ya san shaidarsa tana nan, ba sai an je Abbare ba. Ya fito da ita kawai, Goggo ta ga inji, ta ga rago, ta ga shekarun da ya yi yana aiki. Amma Hajaratu tana zaune taku biyu daga inda yake, ita da ta tambaye shi ko gawayi yake sayarwa. Ya yi mako yana shan lemun tsami a rauni don kada ta sake ganin wannan abin. Yanzu ga dama tana ƙyalli, wadda za ta sa kofaton akuyar ya ƙara muni in aka jera su. Ya ce a ransa bari ya nemo wata magana tukuna. Ya nema, ya nema, babu ko ɗaya a gida.

Iska ta taso mai ƙanshin ruwa, zannuwan suka kumbura suka saki. Goggo ta naɗe carbinta a hannu.

"To, Malam, mun gode da ziyara. Hadari yana haɗowa. A yi addu'a, sai ka gaida gida."

Hajaratu ta sunkuyar da kai. Ta ɗaga hannuwanta ba tare da ta dube shi ba. Goggo ta ɗaga nata ta fara.

Sada ya ɗaga dama. Ta tsaya ita kaɗai a iska, tafi a buɗe, kamar ta mai jiran canji a wurin mai shago. Ya dube ta ya ji kunya irin wadda bai ji a mota ba. Mutane ana iya ɓoye musu hannu. Amma wanda ake roƙo, shi ya san abin da ke cikin aljihu, don dominsa ma aka bar shi haka. Tun Sada yana yaro bai taɓa roƙon Allah da hannu ɗaya ba, kuma yau ce ranar da ya fi bukatar a amsa.

Ya zaro hagu ya jera ta da 'yar'uwarta.

Mai addu'a tafinsa yake gani. Wanda ke zaune gabansa kuwa, farata yake gani. Goggo tana tsakiyar roƙa wa musulmi zaman lafiya sai muryarta ta tsaya. Biyar farare a gefe guda, an jera su kamar 'yan makarantar kwana. Biyar a ɗaya gefen, dogaye, baƙaƙe, shugabansu a tsage.

Shirun ya sa Hajaratu ta ɗago. Ta duba. Ta cusa fuskarta a cikin mayafi, kafaɗunta suka fara rawa.

"Malam," in ji Goggo, "duka biyun naka ne?"

"Nawa ne, Goggo."

"Matso."

Ya matsa. Ta sa bakin carbinta ta juya hannun hagun, ta duba kantar da ke tafin, ta duba tsagar, ta sunkuya ta ɗan shinshina.

"Man inji. Da dusa." Ta saki. "To wancan fa, aro ka yi?"

Sada ya ba da labari tun daga kan Usaini har zuwa Njidda da ragunansa. Bai ƙara ba, bai rage ba, sai balbelar da ya bari a cikinsa. Da ya zo wurin da ya janye hannu, Goggo ta tsayar da shi.

"Ka san nan za ka zo, ka bar shi haka?"

"Na riga na sani, Goggo. Da ban sani ba ne da an gama."

"Me ya kai ka yankewa tun farko? Mutum da girmansa."

Idon Sada ne ya ci amanarsa, ya tafi wajen kujera 'yar tsuguno ya dawo. Goggo ta bi idon da kallo.

"Ke kika ce ya yanke?"

"Ni ban ce ba," in ji Hajaratu daga cikin mayafi. "Tambaya kawai na yi masa a mota."

"Tambayoyinki na san su."

Goggo ta dubi hannuwan biyu, wannan sannan wancan, kamar mai taya shanu biyu a kasuwa. Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan tabarma.

"Ragon ya yi haƙora?"

"Ya yi, Goggo. Ƙahonsa har ya fara murɗewa."

"Za mu gani. Ɗaga hannunka, ba mu gama addu'a ba."

Addu'ar da ta sake ba irin ta farko ba ce. Ta farko gajeriya ce, ta sallamar baƙo. Wannan kuwa ta bi ta kan iyaye da kakanni, ta roƙa wa marigayiyar matarsa rahama, ta roƙa wa inji lafiya. Sada ya riƙe hannuwansa a sama har damtsensa ya gaji, bai sauke ba. Da aka shafa, Goggo ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Bayan sallah ka turo manyanka. Amma kafin su zo, a aiko mini da cinyar ragon in gani da idona. Na gaji da ragunan da ke hanya." Ta juya wajen Hajaratu. "Ke kuma kwashe zannuwan nan kafin su jiƙe, kin zauna kina dariya kamar ba bazawara ba."

Hajaratu ta kwashe zannuwan, ta rungumo su ta rako shi har zaure. Suka tsaya, ruwa yana buga kwano a hankali. Sada ya rasa inda zai sa hannuwansa. Aljihu ya riga ya ƙare masa amfani.

"Saboda maganar gawayi ka yi duk wannan?" in ji ta.

"Ba wani abu na yi ba."

"Har da man zaitun."

"Wannan sunna ce."

Ta yi dariyar da ta hana kanta a mota, duka, har sai da ta jingina da bango. Da ta nutsu ta sake duban hannun daman, ta daɗe a kai.

"Ya yi kyau fa. Ban san haka yatsunka suke ba." Ta gyara rungumar zannuwan. "Na hagun, in ka yanka ragonka, kada ka kai wa mutumin nan. Ina da abin yankan farce mai kyau, da ɗan buroshi. Wannan tsagar ma ba almakashi take so ba, gogewa take so a hankali."

"To yaushe zan kawo?"

"Ni ba na riƙe hannun wanda ba mijina ba, Malam Sada."

"Ke nan in bar shi yana tsawo har..."

"Sai ka gaya wa manyanka. Farce dai ba ya jira."

Bai hau Keke ba a komawa. Ya taka da ƙafa daga Sintali har Abbare cikin yayyafi, shaddarsa tana jiƙewa, hannuwansa duka biyu a waje suna lilo. Gajimaren da ya kwanta a kan duwatsu da safe ya sauko cikin gari, har ba a ganin ƙarshen titi, mutane suna fitowa daga cikinsa suna komawa. Wani ya gaishe shi daga rumfar mai shayi, ya ɗaga masa hagu.

A gida ya tarar Ciyaman ya fake a ƙarƙashin rumfa yana tuƙa. Sada ya dama masa dusa, ya ƙara masa kanwa fiye da kullum, ya tsuguna yana sosa masa tsakanin ƙaho da tsagaggen farcen, wurin da ya fi so.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "an yi zama a kanka yau. Cinyarka ta dama ta riga ta samu gida."

Ciyaman ya lumshe ido ya ƙara miƙo kai, kamar kowane ciyaman da ba a kai ga sanar da shi ba.